Wai Ɗan Bakin Ruwa Ba Shi Da Kan Boko

Daga Yelwa zuwa Wara, har ƙauyukan Shanga, akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutane: wai ɗan bakin ruwa ba shi da kan boko. Malamin ƙaramar sakandare yakan faɗe ta in ya gaji da ɗan aji ɗaya da ya kasa karanta layi guda a allo. Uban yaron ma yakan faɗe ta, ba don ƙi ba. Cewa yake Allah bai yi kawuna ɗaya ba, gara ya karɓi ɗansa ya koya masa jifan birgi tun ƙashinsa bai yi tauri ba. Ina ganin girman masu wannan magana, kuma abin da idonsu ya gani gaskiya ne: yaro ya shekara shida a firamare, ya fito bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Hukuncin da suka yanke a kansa ne ban yarda da shi ba.

A dubi yaron a inda ya fi sabawa. Ɗan shekara goma sha biyu a gidan Gungawa ko sansanin Sarkawa ya san lokacin farin ruwa da na baƙin ruwa, ya san inda ake samun giwan ruwa da inda tarwaɗa ke kwanciya. A aike shi kasuwar Yelwa da kwandon banda, zai yi ciniki, ya ba da canji, ya cire kuɗin jirgi da la'ada, ya kawo saura cif. Tarawa da ɗebewa da rabawa duk ya yi su, da ka. A 1985 wata masaniya, Terezinha Nunes, da abokan aikinta biyu sun buga binciken da suka yi a kan yara 'yan talla a birnin Resife na ƙasar Burazil. A bakin sana'arsu yaran sun ci kusan kashi 98 cikin ɗari na tambayoyin lissafi. Da aka ba su lissafin nan dai a takarda, tsurar lambobi irin na makaranta, sai suka faɗo zuwa wajen kashi 37. Yara biyar ne kacal, ban ce su ne duniya ba, amma duk wanda ya taɓa sayen kifi hannun yaro a bakin tafki ya san labarin ba baƙo ba ne.

To me ke tare shi a aji? Na farko harshe. Ƙasar Yauri ba ta Hausa kaɗai ba ce; akwai Gunganci, da Kambarci, da Lopanci, da Fulatanci, ga Shanganci da ya rage a 'yan ƙauyuka. Yaron da ya tashi da Kambarci a ɗakin uwarsa, Hausa a kasuwa ya tsince ta, sai kuma a buɗe masa littafin kimiyya da Turanci. Masani Jim Cummins na ƙasar Kanada ya daɗe da nuna cewa yaro kan iya hira da sabon harshe cikin shekara biyu ko kusa da haka, amma harshen karatun littafi yakan ɗauki biyar zuwa bakwai. Shirun da yaron nan yake yi a bayan aji sau da yawa fassara yake yi a zuci, kafin ya gama an wuce. A nan gida ma an gwada koyarwa da harshen uwa: aikin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife tun daga 1970, inda aka koyar da yara duk firamare da Yarabanci, bai sa sun koma baya a Turanci ba.

Na biyu yanayin zama. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, aka tashi mutane sama da dubu arba'in daga tsibirai da gaɓar kogi, rayuwar yankin ke bin hawa da saukar tafkin. Iyali kan bi kifi, ko a koma fadama aikin albasa da shinkafa, yaro ya yi watanni ba ya aji. Gwamnati ta san da haka, shi ya sa hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 daga baya aka sanya mata 'ya'yan masunta. Sai dai in yaron ya dawo ba a tambayar me ya wuce shi, shekara na ƙarewa a tura shi gaba. Wanda rabawa ta wuce shi a aji huɗu, ina zai kama aljabara?

Nan ne ake cewa ai an sa shi lesin na yamma, bai tsinana komai ba. Mu tambayi irin lesin ɗin. Galibi darasin safe ake maimaitawa, da Turancin nan, da littafin nan, a ƙara da bulala. Masanin Rasha Lev Vygotsky, wanda ya rasu a 1934, ya bayyana cewa koyo na faruwa ne a ɗan tsakanin abin da yaro ya iya shi kaɗai da abin da zai iya in an kama masa. Abin da ya yi masa nisa, ko sau ɗari aka faɗa ba zai shiga ba.

Abin mamaki, mu da muke da makarantar allo bai kamata a koya mana wannan ba. A tsangaya kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Malam ba ya barin a wanke allo sai karatu ya zauna, kuma gardi ko wanda ya ɗan yi gaba shi ke biya wa na baya. Yaron da ake kira daƙiƙi da safe, da yamma yana iya kawo izu biyu ko uku da ka ba tuntuɓe. Kai ɗaya ne fa, na safen da na yamman. Abin da ya bambanta shi ne a can an fara da shi daga inda yake, a nan kuwa daga inda manhaja ta ce ya kamata ya kai. Ƙungiyar Pratham ta Indiya kusan haka take yi: a zauna da yaro 'yan mintoci, a ga ko haruffa ya sani, ko kalma, ko yana iya karanta ɗan labari, sannan a haɗa shi da sa'o'insa a karatu, ko da ajinsu ba ɗaya ba ne. Mai lesin a Ngaski ba ya buƙatar kwamfuta kafin ya yi haka. Ya fara karatu da Hausa, wadda yadda ake faɗa haka ake rubutawa, ya gina lissafi a kan kuɗin kifi da buhun albasa, sannan a gangaro zuwa Turanci.

Na yarda yara ba ɗaya ba ne, wani ya fi wani saurin ɗauka, kuma malami guda a aji mai cike maƙil ba zai bi kowa ɗaya bayan ɗaya ba. Amma kafin a ce kai ne, a duba jiki. Tsargiya ta yi yawa a bakin tafki, kuma yaron da ke fitsarin jini jininsa kan yi ƙasa, ya wuni a gajiye yana gyangyaɗi a kan benci. Maganinta ƙwaya ce da ake rabawa a makarantu. Wani kuma kunne ke masa ruwa, wani allon ne ba ya gani daga baya, ba wanda ya taɓa matso da shi gaba.