Rikicin Jerin Daɗewa a Aiki Tsakanin Matuƙan Jirgin Sama: Misalin US Airways da America West

A manyan kamfanonin jiragen sama na Amurka, matsayin matuƙi a jerin daɗewa a aiki shi ne ginshiƙin sana'arsa. Da shi ake tantance irin jirgin da zai tuƙa, da lokacin da zai zama kyaftin, da kuma wanda za a fara dakatarwa idan kasuwa ta ja baya. Matsayin ba ya bin mutum zuwa wani kamfani. Saboda haka, idan kamfanoni biyu suka haɗe, tsara wanda zai shiga gaban wani kan haifar da saɓani.

Haka ta faru bayan haɗewar US Airways da America West a shekarar 2005. Matuƙan US Airways, waɗanda suka fi daɗewa, sun nemi a bi ranar ɗaukar kowa aiki. Na America West suka ƙi, bisa hujjar cewa kamfanin takwarorinsu ya durƙushe, kuma da yawansu suna zaune a gida.

A 2007 mai sasantawa George Nicolau ya sanya dakatattun matuƙan US Airways a ƙasan jerin. Da yake ɓangarensu ne ke da rinjaye, sai suka kayar da ƙungiyar ALPA a ƙuri'ar 2008, suka maye gurbinta da USAPA domin kauce wa hukuncin. Matuƙan America West suka garzaya kotu.

Rikicin ya hana cim ma yarjejeniyar albashi guda, kowane ɓangare ya ci gaba da aiki bisa tsohon tsarinsa na tsawon shekaru. Ba a samu jeri ɗaya ba sai a 2016, bayan kamfanin ya haɗe da American Airlines a 2013.