Idan Intanet Ta Ɗauke a Kwamfutar Gida

Galibin mutane, da zarar intanet ta ɗauke musu, sai su ɗora wa kamfani laifi, alhali kuwa sau da yawa illar tana nan cikin ɗaki, a ƙarƙashin tebur. Al'amarin nan tamkar isnadin hadisi yake, daga kwamfuta zuwa waya, daga waya zuwa na'urar da ake kira rauta, daga nan zuwa kamfani, kuma rauni a wuri guda ya isa ya ɓata silsilar baki ɗaya; don haka wajibi ne mai bincike ya bi ta daki-daki, ya soma da na kusa da shi.

Da farko a leƙa bayan kwamfuta, a dubi 'yan fitilun da ke bakin kafar da ake soka waya, domin in ba su kama ba, to lalle saƙo ba ya wucewa. Ita wayar nan silin tagulla takwas ne a cikinta, an murɗe su biyu-biyu, kuma ba a so tsawonta ya zarce mita 100. Wani abin mamaki, idan sili ɗaya ya tsinke, ko don ɓera ya gwaguye shi ko don ƙyauren ƙofa ya daɗe yana matse shi, mai yiwuwa ne intanet ba za ta ɗauke ɗungurungum ba, sai dai gudunta ya faɗo daga megabit 1000 zuwa 100, maigida kuwa ya yi ta ƙorafi bai san dalili ba. Hujja mafi ƙarfi ita ce a aro wata waya a gwada, sa'an nan a sauya kafa a jikin rauta. Ga shawara a gefe: da damina, in hadari ya taso, a zare wayar, gama tsawa takan ƙone kafar.

In fitilu na ci amma shiru, sai a cire rauta daga wuta kamar daƙiƙa 30, a mayar. In abin ya faskara, mai Windows ya buɗe cmd ya rubuta ipconfig. Cikin lambobin da za su fito, wadda ta fara da 192.168 alama ce cewa rauta ta ba kwamfuta adireshi. Wadda ta fara da 169.254 kuwa kwamfutar ce ta laƙaba wa kanta, saboda ta nema ba a amsa mata ba. Bayan haka a rubuta ping 8.8.8.8, watau a yi sallama da wata na'urar Google. Idan ta amsa amma shafuka suka ƙi buɗuwa, to matsalar tana ga DNS, mai mayar da sunayen shafuka lambobi.

Sai an gama wannan tahakiki kana a kira kamfani, ko da yake wani lokaci su ma abin ya fi ƙarfinsu, kamar ranar 14 ga Maris 2024, sa'ad da manyan wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kodebuwa, intanet ta yi rauni a Nijeriya da Ghana da maƙwabtansu, har aka shafe makonni ana gyara.