Tambarin da ido ba ya gani: Yadda ake mayar wa fayilolin kwamfuta da shaidarsu ta tsaro

Duk wanda ya yi aiki a ma'aikatar gwamnati ya san cewa fayil ba ya yawo kara zube. Akwai rajistar da kowa ke shiga, akwai kuma rajistar sirri, kuma abin da aka buga a bangon fayil shi ke fayyace teburin da zai sauka da hannun da zai buɗe shi. Idan akawu ya saka takardar sirri a bangon gama-gari, asiri ya tonu. Idan kuma ya yi akasin haka, takardar da ake jiran a sa mata hannu yau sai ta kwana a kulle.

Ƙaurar da ayyukan gwamnati ke yi daga takarda zuwa kwamfuta ba ta kashe wannan tsari ba. Da yawa daga cikin manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet da rumbunan bayanai, waɗanda ake kira saba, suna aiki ne da Linux. A wasu nau'o'insa, irin su Red Hat Enterprise Linux da Fedora da Rocky Linux da AlmaLinux, kowane fayil yana ɗauke da tambarin tsaro wanda mai amfani da kwamfuta ba ya gani sai ya nema. Tsarin da ke lura da waɗannan tambura shi ake kira SELinux.

Daga ina ya fito?

Hukumar Tsaron Ƙasa ta Amurka, wato NSA, ita ta ƙirƙiro SELinux, ta kuma sake shi ga jama'a a watan Disambar 2000. A shekarar 2003 aka shigar da shi cikin zuciyar Linux, sannan kamfanin Red Hat ya sa shi cikin manhajarsa ta kamfanoni a 2005. Ko wanda bai taɓa ganin saba ba yana iya kasancewa yana yawo da shi a aljihu, domin tun daga Android 5.0 da ya fito a 2014, wayoyin Android ke aiki da shi gaba ɗaya. Ubuntu da Debian kuwa wani tsari suka fi dogara da shi mai suna AppArmor, saboda haka wannan bayani bai shafe su kai tsaye ba.

A tsohon tsarin Linux, mai fayil shi ke da wuƙa da nama: shi zai ce wane ya karanta, wane kada ya taɓa. Illar hakan ita ce, idan ɗan kutse ya ƙwace wata manhaja, to ya gaje duk ikon da take da shi. SELinux ya ƙara wani mai gadi a bayan na farko. Kowace manhaja da ke aiki tana da nata tambarin, kowane fayil yana da nasa, sannan akwai kundin ƙa'ida da ya zayyana wane tambari ke da izinin taɓa wane. Duk abin da kundin bai halatta ba, haramtacce ne, ko da mai fayil ya yarda.

Manhajar Apache da ke nuna wa jama'a shafin intanet, alal misali, tana da izinin karanta fayilolin da ke ɗauke da tambarin httpd_sys_content_t. Fayil ɗin da ke adana kalmomin sirrin ma'aikata kuwa shadow_t ne tambarinsa. Ko da ɓarawo ya shigo ta ƙofar shafin, hannunsa ba zai kai ga wancan fayil ba. An ga amfanin wannan a watan Fabrairun 2019, lokacin da aka gano wata babbar ɓaraka a manhajar runc da Docker ke dogara da ita: Red Hat ya bayyana cewa SELinux, inda aka bar shi a kunne sosai, yana dakile harin a kan manhajarsa.

Yadda tambari ke ɓacewa

Galibi ba ɗan kutse ne ke ɓata tambari ba, ma'aikaci ne mai kyakkyawar niyya. Sabon fayil yakan gaji tambarin foldar da aka haife shi a ciki. Idan aka kwafe shi zuwa wata folda da umarnin cp, kwafin yakan ɗauki tambarin sabon gidansa. Amma idan aka ɗauke shi ɗungurungum da umarnin mv, da tsohon tambarinsa zai tafi. Jami'in da ya shirya sanarwar ɗaukar ma'aikata a foldarsa ta kansa, sannan ya matsar da ita zuwa foldar shafin ma'aikata, ya kai takarda inda ya dace amma cikin bangon da bai dace ba. Apache zai ƙi buɗe ta, jama'a kuma su riƙa ganin lamba 403 a fuskar wayoyinsu, alhali fayil ɗin yana nan lafiya ƙalau.

Haka kan faru idan aka dawo da bayanai daga ma'ajiyar ko-ta-kwana wadda ba ta adana tambura ba. Akwai kuma wadda ta fi ɗaga hankali: idan aka manta kalmar sirrin babban mai kula da saba, aka shiga ta hanyar gaggawa aka sauya ta a lokacin da SELinux bai tashi ba, fayil ɗin kalmomin sirri yakan rasa tambarinsa. Da an sake kunna kwamfutar, sai ta ƙi karɓar kowa, har da wanda ya yi gyaran.

Mayar da kowa gidansa

Maganin yana da sauƙi fiye da yadda ake zato. Tsarin yana riƙe da jerin da ya nuna tambarin da ya kamata kowace folda da abin da ke cikinta su ɗauka. Umarnin restorecon aikinsa shi ne ya duba wannan jeri, ya kwatanta shi da abin da ke jikin fayil, ya gyara inda suka saɓa. Ba ya taɓa abin da aka rubuta a cikin fayil, bangon kawai yake sauyawa.

Ƙwararren ma'aikaci yakan fara da ls -Z domin ya ga tambarin da ke kan fayil ɗin. Daga nan sai ya leƙa rajistar da tsarin ke rubuta duk abin da ya hana, wato /var/log/audit/audit.log, ya tabbatar cewa tambari ne matsalar. Kafin ya gyara, yakan gwada restorecon -Rvn, wanda zai lissafo abin da zai sauya ba tare da ya sauya komai ba. Idan jerin ya kwanta masa a rai, sai ya cire harafin n ya zartar. Harafin R yana nufin a bi duk abin da ke cikin foldar, v kuma a faɗi abin da aka yi.

Idan ɓarnar ta game kwamfutar baki ɗaya, akan ƙirƙiri wani fayil maras komai mai suna /.autorelabel, a sake kunna ta. Kafin ta gama tashi, za ta bi fayiloli ɗaya bayan ɗaya tana mayar musu da tambarinsu. A saba mai ɗimbin fayiloli wannan yakan ɗauki lokaci mai tsawo, don haka ba aikin da za a fara ba ne ana saura awa guda a rufe karɓar takardun neman kwangila. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tarkuna biyu

Na farko shi ne umarnin chcon, wanda ke sauya tambari nan take amma ba ya rubuta sauyin a cikin jerin. Idan ma'aikata ta ajiye shafinta a wata folda ta daban, aka yi mata tambari da chcon, komai zai tafi daidai har ranar da wani ya zo da restorecon. A ranar za a goge gyaran, shafin ya mutu, wanda ya yi aikin farko kuma wataƙila an daɗe da yi masa canjin wurin aiki. Hanyar da ke ɗorewa ita ce a fara shigar da sabuwar foldar cikin jerin da umarnin semanage fcontext, sannan a kira restorecon.

Tarko na biyu ya fi haɗari, kuma sau da yawa daga sama matsin ke fitowa. Shafi ya tsaya, mai gida yana jira, hadimi yana ta buga waya. Umarni ɗaya, setenforce 0, zai sa komai ya dawo aiki cikin daƙiƙa, domin ya mayar da mai gadin ɗan kallo: yana rubuta laifi, amma ba ya hanawa. An tanadi wannan yanayi ne domin bincike na ɗan lokaci. Wasu kuwa sukan wuce nan su kashe tsarin gaba ɗaya, daga ranar kuma duk sabon fayil ba shi da tambari, ta yadda sake kunna shi sai an yi wa kwamfutar tambari daga farko. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Abin da ya rataya a wuyan shugabanni

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane, har da hukumomin gwamnati, ya ɗauki matakan fasaha da suka dace domin kare su. Ta kuma ba da awa 72 a sanar da Hukumar Kare Bayanai idan aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan. Sabar da aka kashe wa mai gadi domin a huta da ƙorafin kwana ɗaya za ta yi wuyar karewa a gaban masu bincike.

Darakta ko hadimi ba ya bukatar haddace umarni ko ɗaya. Tambayoyi uku sun wadatar idan aka ce masa an gyara: me ya lalace, gyara tambarin aka yi ko kashe tsaron, kuma an rubuta sauyin inda wanda zai gaji kujerar zai same shi? Umarnin getenforce yana amsa ta biyun da kalma ɗaya, kuma Enforcing ita ce amsar da ake so a gani. Jami'in da ya nemi ƙarin minti goma domin ya bi ta wannan hanya ya cancanci a ba shi.