Jan Ƙyalle A Ƙofar Gida: Darasin Annobar Ƙyanda A Samoa

A ranakun 5 da 6 ga Disambar 2019, gwamnatin Samoa, wata ƙaramar ƙasar tsibirai da ke Tekun Fasifik mai mutane kimanin 200,000, ta rufe ofisoshi da kasuwanni, ta kuma umarci duk gidan da ke da wanda ba a yi wa allurar rigakafi ba da ya rataya jan ƙyalle a ƙofa. Ma'aikatan lafiya suka bi gida-gida. Kafin annobar ƙyandar ta lafa, ta kama mutane sama da 5,700, ta halaka 83, akasarinsu ƙananan yara.

Mai karatu zai so sanin yadda aka kai ga haka. A watan Yulin 2018, jarirai biyu sun mutu a tsibirin Savai'i bayan wasu ma'aikatan jinya sun yi kuskuren haɗa ruwan rigakafin da wani magani daban. Aka dakatar da shirin na tsawon watanni, iyaye suka tsorata, jita-jita ta samu gindin zama, har yawan jariran da ake yi wa allurar ya faɗo zuwa kashi 31 cikin 100.

Abin takaici shi ne, Samoa ta taɓa mallakar maganin wannan matsala. Tun shekarun 1920 akwai kwamitocin mata a ƙauyuka, masu lura da tsabta da masu juna biyu da jarirai, suna aiki kafaɗa da kafaɗa da ma'aikatan jinya na gunduma. Da hankali ya karkata ga babban asibitin Apia, sai wannan igiya ta yi sanyi. A ƙasar da sai an hau jirgin ruwa kafin wasu su isa babban asibiti, ma'aikacin da ke zaune cikin jama'a shi ne kunne da bakin hukuma.

Mu ma a nan mun ɗanɗana makamancin haka a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano. Sai da sarakuna da malamai da matan da ke shiga gida-gida suka sa baki kafin amana ta dawo.

Saboda haka, wajibi ne hukumomi su horar da waɗannan ma'aikata, su biya su haƙƙinsu a kan lokaci, su wadata ƙananan ɗakunan shan magani da kayan aiki tun annoba ba ta ƙwanƙwasa ƙofa ba. Masu iya magana dai sun ce, ba a fafe gora ranar tafiya.