Takarda ko Hira: Da Wanne Za a Auna Ciwo da Firgici?

A ɗauki ɗan acaɓa da mota ta buge a kwanar kasuwa. An yi masa aiki, ƙashi ya haɗe, amma yau wata takwas ke nan ƙafar tana zogi. Barci ya gagare shi, ya daina zuwa majalisa, abu kaɗan sai ya hau yara da faɗa, kuma tun ranar bai sake bin titin nan ba. Likitan ƙashi zai ce ciwo ne mai naci, tunda ya haura wata uku. Likitan ƙwaƙwalwa zai ce a duba ko firgicin bayan masifa ne, wanda likitocin Amurka suka shigar cikin kundinsu a 1980, bayan abin da suka gani a jikin sojojin da suka dawo daga Biyatnam. Kowa da gaskiyarsa. Tun 2001 wasu masana biyu, Sharp da Harvey, suka yi bayanin cewa abubuwan biyu ciyar da juna suke yi: zogin yana tuna wa mutum hatsarin, tunanin hatsarin yana ɗaure jiki ya ƙara zogin. Abin da ya rage shi ne yadda za a auna wannan alaƙa, kuma hanyoyin da aka fi bi biyu ne.

Ta farko takardar tambayoyi ce da majiyyaci zai cike da kansa. Wadda ta fi shahara ita ce PCL-5, daga hukumar kula da tsofaffin sojojin Amurka. Tambaya 20 ce, kowace da maki daga 0 zuwa 4, jimilla 80, kuma wanda ya kai 31 zuwa 33 ana zargin yana da matsalar. A gefe guda a ce ya ba zoginsa maki daga 0 zuwa 10, sai a gwama lambobin biyu. Minti goma an gama, ba ta cin kuɗi, ana iya raba ta ga mutum dubu.

Ga inda gizo ke saƙar. Takardar za ta tambayi ɗan acaɓarmu ko barci na yi masa wuya, ko yana saurin fushi, ko hankalinsa na kasa tsayawa wuri guda, ko ya daina jin daɗin abubuwan da ya saba. Duk zai ce ƙwarai kuwa. To amma wanda ƙafa ke hana shi juyi a kan katifa ai dole barci ya guje shi, ko da bai taɓa mafarkin motar ba. Wanda ya kwana uku ido biyu kuwa ba sai an tambayi dalilin fushinsa ba. Haka maki zai yi ta taruwa, ciwon ƙafa ya shiga rigar firgici, a ƙarshe mai bincike ya ce ya gano alaƙa mai ƙarfi, alhali abu guda ya auna sau biyu.

Hanya ta biyu hira ce da ƙwararre, irin tsarin CAPS-5 mai tambaya 30, wadda kan ci kusan awa guda. Nan ba a karɓar "eh" a wuce. Ya ce ba ya bin titin kasuwa, sai a ce masa: ƙafar ce ba ta kai ka, ko kuwa in ka doshi wurin gabanka ne ke faɗuwa? Ya ce yana farkawa tsakar dare: zogi ke tashinka, ko ƙarar burki kake ji? Wannan ƙaramar tambaya ta biyu ita ce duk abin da takarda ba ta iyawa. Bambancin kuma ba kaɗan ba ne. A 2017 Siqveland da abokan aikinsa a Nowe sun tattara binciken da aka yi kan masu ciwo mai naci, suka tarar inda aka yi amfani da takarda kusan kashi 20 cikin ɗari ne suka fito da firgici, inda aka yi hira kuwa ba su kai kashi 5 ba.

Ba na cewa hira ba ta da aibi. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne, jama'a kuwa sun haura miliyan 200, wa zai ba kowa awa guda? Sannan akwai kunya. Matar da aka ci wa zarafi lokacin gudun hijira a Borno ba lallai ta buɗe baki gaban baƙon namiji ba. "Jikina ne duk ciwo" za ta ce, ta yi shiru. Wani lokaci takarda, da yake ba ta da ido, ta fi jin sirri. Sai dai a wurinmu ko wannan falalar takan zube, domin sau da yawa ma'aikaci ne ke karanta wa majiyyaci tambayoyin da ƙarfi, yana fassarawa a tsaye, ga 'yan rakiya sun kasa kunne. Kuma ka ce wa tsoho ya ba ciwonsa maki cikin goma, "da sauƙi, alhamdulillahi" zai ce maka yana cije leɓe.

A ganina takarda rariya ce, aikinta tace jama'a a ware waɗanda za a zauna da su. Hukunci na hira ne. Duk binciken da ya ce ya auna alaƙar ciwo da firgici da takarda kaɗai, ina rage wa lambarsa daraja kafin in karɓa. Ma'aikatan lafiyarmu kuma, ko awa guda ba ta samu ba, idan mai tsohon rauni ya ce ba ya barci, don Allah a ƙara masa tambaya ɗaya: me ke tashinka?