Iyaye, ku riga masu barazana yin magana da yaranku

A watan Maris na 2022, wata "budurwa" ta tura wa wani yaro ɗan shekara 17 saƙo a Instagram, a jihar Mishigan ta Amurka. Hira ta yi nisa har aka lallaɓe shi ya aika hoton tsiraicinsa. Nan take murya ta sauya: ya biya dala 1,000, ko a tura hoton ga danginsa da abokansa. Ya biya 300, barazana ba ta tsaya ba. Kafin gari ya waye ya kashe kansa. Ashe babu wata budurwa. Wa da ƙani ne daga Legas, waɗanda aka miƙa ga Amurka a 2023, kotu ta ɗaure kowannensu shekara 17 da rabi a 2024.

Abin ya wuce aikin mutum biyu. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya sanar da rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda irin wannan damfara. Akasari manyan maza na Amurka suke farauta, amma har da yara a ciki. Masu ɗana wannan tarko suna cikin ƙasar nan, kuma yaranmu na riƙe da waya dare da rana.

Hanyarsu sananniya ce. Su buɗe shafi da hoton wata, su fara da yabo, su ja yaro zuwa WhatsApp ko Snapchat inda babu idon kowa. Yarinya kuma da kyautar data ko alƙawarin aure ake kusantarta. Kafin su nemi hoto sun riga sun kwashi sunayen 'yan'uwa da abokan makaranta. Yanzu ma akwai manhajojin da ke ƙirƙirar hoton batsa daga hoton fuska kawai, don haka yaron da bai aika komai ba shi ma bai tsira ba.

Babban makaminsu shi ne tsoron da yaro yake wa gidansu. A wurinmu tonon asiri ba ƙaramin abu ba ne. Yaron da ya tabbatar duka da kora ke jiransa zai yi shiru, ya saci kuɗi ya biya, ko ya aika wasu hotunan. Mai barazana da wannan shirun yake cin abinci.

Saboda haka ku riga shi. Ku zaunar da ɗanku ko 'yarku, ku faɗa da bakinku: "Duk abin da ya same ka a waya, komai muninsa, zo ka gaya mini. Zan tsaya maka." In har ya zo, faɗa ya jira wata rana.

Idan abin ya riga ya faru, kada a biya ko sisi, domin wanda ya karɓa sau ɗaya zai dawo. A ɗauki hoton hirar da sunan shafin don shaida, sannan a toshe shi, a kai ƙararsa a manhajar. A sanar da 'yan sanda, ko EFCC, ko NAPTIP. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta wannan aiki. Akwai kuma Take It Down, wadda cibiyar NCMEC ta Amurka ta samar kyauta don taimaka wa 'yan ƙasa da shekara 18 su hana hotonsu yaɗuwa, ba tare da hoton ya bar wayar ba. Kada a bar yaron shi kaɗai a waɗannan kwanaki.

Facebook da TikTok da Instagram duk sun kafa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi. Ku riƙe wannan ƙa'ida. A kulle shafin yaro ga baƙi, waya kuma ta kwana a ɗakin iyaye.

Yara amana ce a hannunmu. Ku yi wannan magana da su yau, tun saƙon farko bai shigo ba.