Tagomashin da ke zuwa da kaya

Mutane da yawa in sun ji an ce wane ya samu tagomashi a wurin Allah, abin da ke faɗo musu a rai shi ne dukiya da kwanciyar hankali. Wanda ya bi labaran mala'iku a Littafi Mai Tsarki na Kirista a tsanake zai ga ba haka abin ya saba zuwa ba. Wanda aka aiko wa mala'ika, aiki aka ɗora masa, kuma galibi mai ɗaci ne.

A ɗauki Maryamu. Bisharar Luka ta ce Jibra'ilu, wanda Musulmi ke kira Jibrilu, ya same ta a Nazarat ta ƙasar Galili, ya shaida mata ta samu tagomashi, za ta haifi ɗa, wato Yesu. A lokacin an yi mata baiko da Yusufu amma ba ta tare ba, ciki kuwa a irin wannan hali abin kunya ne da zai iya jawo hukunci mai tsanani. Matiyu ya ce Yusufu har ya ƙudura rabuwa da ita a asirce, sai da mala'ika ya tsayar da shi a mafarki. Da suka kai jaririn Haikali a Urushalima, tsuntsaye biyu suka miƙa, hadayar da Littafin Firistoci ya sassauta wa macen da ba ta da halin ɗan rago. Wato uwar Almasihu hadayar talakawa ta yi. A nan ne tsoho Saminu ya gaya mata baƙin ciki zai soke ta kamar takobi, daga baya kuma suka yi gudun hijira zuwa Masar. Haka Gidiyon: yana sussukar alkama a ɓoye saboda tsoron Madayanawa mala'ika ya same shi, aka tura shi yaƙi, aka rage masa mayaƙa daga 32,000 zuwa 300.

Wani zai ce ai Zakariya da Alisabatu sun samu ɗa bayan tsufa, wannan ba alheri ba ne? Alheri ne ƙwarai. Sai dai Zakariya ya bebance har aka haihu saboda ya yi shakkar saƙon mala'ika, ɗan kuma, Yahaya, ya ƙare a kurkukun Hirudus inda aka fille masa kai.

Suka mafi nauyi da ake yi wa labarin Yesu ita ce ta cikar annabci. Masu suka na cewa marubutan Bishara sun daidaita labarinsu ne da tsoffin nassoshi. Suna nuna cewa maganar Ishaya kan haihuwar Immanuwel an faɗa wa Sarki Ahaz ne, sama da shekara 700 kafin Yesu, kan yaƙin zamaninsa. Wannan gaskiya ne, kuma malaman Kirista ba su musanta ba. Da yawansu sun ce annabci kan cika kusa, sannan ya cika nesa. Yahudawa ba su yarda da wannan fassarar ba, kuma muhawarar tana nan. Abin da ba a gardama a kai shi ne tsufan rubutun, domin kundin Ishaya da aka gano a Kumran a 1947 ya girmi haihuwar Yesu. Sannan mai ƙirƙira don ya burge jama'a da wuya ya zaɓi ɗakin dabbobi, hijira da gicciye, a lokacin da mutane ke jiran sarki mai takobi da zai kori Romawa.

Saboda haka mai wa'azin da ke auna tagomashi da mota da gidan bene, ya koma babi na 1 da na 2 na Luka ya sake karantawa kafin ya hau mumbari.